Dakta Taofeek da Sandar Awon Alhaja

Idan ka shiga Rijiyar Lemo ka tambayi gidan Dakta Taofeek, mai shayin bakin layi zai ce maka, "Mai duba agogo?" sannan ya nuna maka wata ƙofa mai koren fenti. Kada ka kuskura ka maimaita wannan suna a gabansa. Bawan Allahn nan bai taɓa buɗe cikin agogo ba. Nasa ma da ya tsaya, sai da ya daɗe a aljihu kafin ya kai wa masu gyara a Bata. Digiri uku ya yi a kan lissafin mutanen Rum na da can, kuma sunan da Kano ta saka masa da shi ke nan.

A Sabon Gari aka haife shi. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi da suka zo fatauci suka zauna, har Hausa ta fi kama bakin 'ya'yansu. Mahaifinsa ya rasu da wuri, don haka mahaifiyarsa, Alhaja Mulikat, ita ta yi ɗawainiyarsa da ta ƙanensa Akeem da cinikin yadi a Kantin Kwari. Tana da wata sandar awo ta katako, baƙa wuluk saboda shan hannu, mai zane-zanen inci a jiki. Da ita take auna shadda da leshi, da ita take nuna wa mai dako inda zai ajiye dila, da ita kuma take zaburar da 'ya'yanta idan sun yi nauyin tashi makaranta. Taofeek ya san sandar nan tun bai san haruffa ba.

Lauya Alhaja ta so ya zama. Da ya nemi jami'a a Ibadan, sai aka ce gurbin karatun shari'a ya cika, aka tura shi sashen da ake koyar da harsuna da tarihin tsoffin Girkawa da Rumawa. Ya shiga da niyyar sauya sheƙa bayan shekara guda, amma bai sauya ba. Wani darasi ne ya kama shi, ranar da aka nuna musu yadda Rumawa suke raba abu guda gida goma sha biyu. Da wannan rabo suke auna nauyi da tsawo, da shi suke yanka gona, da shi mai wasiyya yake cewa wane ya ɗauki rabi, wane sulusi, wane rubu'i. Goma ba ta rabuwa uku ko huɗu sai da ɓari, amma sha biyu ta rabu biyu, ta rabu uku, ta rabu huɗu, ta rabu shida, ba a bar komai a ƙasa ba. Taofeek ya fito daga ajin nan kamar wanda aka yi wa albishir. Daga nan ya nutse, ya koyi Latin, harshen Rumawa, har yana mafarki da shi, ya yi digiri na biyu a kan masu awon filaye na Rum, ya yi na uku a kan wannan rabo na sha biyu a harkar gado.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da Alhaja, sai ya tattaro ya dawo Kano da matarsa Fareedah da akwatunan littattafai, yana ganin mai digiri uku ba zai rasa allo da alli a jami'a ba. Nan ya san bai san garinsu ba. Ya je sashen tarihi a wata jami'a, suka duba takardunsa suka ce ai wannan lissafi ne, ya gangara can. Masu lissafi suka ce wannan tarihi ne tsagwaronsa, ya koma inda ya fito. Masu harsuna suka yi masa fara'a, suka ba shi kujera, suka ce da Faransanci ne da an duba. A wata jami'ar kuma wani jami'i ya tambaye shi, da zuciya ɗaya, ko mutanen Rum ɗin nan har yanzu suna nan. Haka ya yi ta zagaye daga ofis zuwa ofis, har takalminsa ya cinye.

A ƙarshe ya kama koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Kwaciri, ajin ƙananan sakandare. A duk shekara akwai mako guda da manhaja ta ware wa lambobin Rumawa, irin waɗanda ake gani a fuskar agogo, kuma babu makon da ya tsana kamar wannan. Duk wanda ya ji abin da ya karanta, can hankalinsa yake tafiya. "Au, su I da V da X? Ai mun yi shi a firamare." Ya yi bayani har ya gaji cewa waɗannan alamomi na rubuta sakamako ne kawai, ainihin lissafin a kan allo mai 'yan duwatsu ake yin sa, da yatsu, da igiyar awo. Kafin ya kai rabin maganar mutum ya zaro wayarsa. Ya rubuta muƙaloli ya tura mujallun ƙasashen waje, ɗaya ta fito, ya kawo ta gida yana murna, Akeem ya juya ta gaba da baya ya tambaya nawa suka biya. Sau ɗaya aka gayyace shi taron masana a Turai, ya sayi kwat, aka hana shi biza.

Duk wannan da sauƙi. Abin da yake ci masa rai shi ne tambayar Alhaja. Idan ta dawo daga suna ko biki, sai ta zauna ta miƙe ƙafa, ta dube shi.

"Taofeek, wai ni me zan riƙa ce wa mutane kana yi? Wannan ta ce ɗanta yana kwastan, waccan ta ce nata lauya ne. Ni in na ce dakta, sai su kawo mini maganar hawan jini. In na ce ba irin wannan ba, sai su ce to wane iri? Sai in yi shiru kamar wadda ba ta haihu ba."

"Mama, bincike nake yi a kan yadda mutanen da suke lissafi."

"Sun mutu?"

"Sun mutu, Mama."

"To wa zai amfana?"

Ba gori take yi masa ba, so take a ba ta magana guda da za ta ɗaura a bakin zane ta tafi da ita cikin mata. Shi kuwa duk sanda ya buɗe baki sai Turancin littafi ya cika masa harshe, ya ga idonta ya fara lumshewa. Yadin da ta auna a rana da ruwa shi ya kai shi Ibadan, ga shi ta tsufa ba ta san abin da ta saya ba. Wannan ya fi rashin aikin jami'a yi masa ciwo.

Mutum ɗaya ne yake sauraronsa har ƙarshe, Malam Abdulmuminu, mai koyar da addini a makarantarsu, ɗan gidan malamai da alƙalai. Shi ya taɓa ce masa, "Ka san mu ma a rabon gado, in rubu'i ya haɗu da sulusi, kan sha biyu muke komawa?" Suka ɓata hutun tara gaba ɗaya a kan wannan, shayinsu ya huce. Ranar Taofeek ya gane cewa akwai hanyar faɗin abin da bakin mutanen gari, in dai za a ba shi wuri da kunne.

Wurin ya samu ne da ƙungiyar 'yan asalin garin iyayensa mazauna Fagge da Sabon Gari ta tashi yin taronta na shekara. Aka ce bana a saka lacca don a ƙara wa taron kwarjini, kuma tunda suna da dakta a gida, ba sai an ɗauko na haya ba. Akeem, wanda yanzu yake da shagon kayan waya a Bata kuma bakinsa ba ya mutuwa, shi aka ba sanarwa da tsara jawabai.

Taofeek ya shirya kamar mai shirin aikin Hajji. Ya watsar da Turanci, ya rubuta komai da Hausa, ya karanta wa Fareedah tana tsintar shinkafa, duk inda ta ɗaga kai ta ce "Me?" sai ya soke ya sake. Kuma ya samo mabuɗin maganar. Zai ɗaga sandar awon Alhaja a gaban jama'a, ya nuna zanen inci, ya ce kowace ƙafa inci sha biyu ce, kuma sunan inci ɗin kansa daga bakin Rumawa ya gangaro, daga kalmar da suke kiran kashi ɗaya cikin sha biyu. Zai ce matar nan da ke zaune a gaba ta shekara arba'in tana awo da lissafin Rum a Kantin Kwari, shi bin sawunta kawai ya yi. Daga nan ya shiga gado, inda ya san kowa zai gyara zama. Ya ɗauko sandar daga bayan ƙofar ɗakinta bai gaya mata ba, ya naɗe ta a tsohuwar jarida.

Akeem ya kawo masa tsarin taron yana washe baki. "Yaya, na saka ka a ƙarshe. Babban jawabi ke nan, kai za ka rufe."

Taofeek ya ji daɗi, don a tarukan masana da ya sani, wanda aka ajiye ya rufe taro shi ne mai daraja. Malam Abdulmuminu kuwa da ya ga takardar sai ya girgiza kai.

"Dakta, ka ce a dawo da kai bayan addu'ar buɗewa. Ka yi maganarka manya ba su iso ba, abinci bai fito ba. A garin nan wanda aka saka ƙarshe kujeru yake yi wa wa'azi."

"Haba Malam, in yi magana babban baƙo bai zo ba? Ai rashin ladabi ne."

"To. Na dai faɗa."

Ranar Lahadi aka yi taron, a wani zauren haya da ke Fagge. An rubuta ƙarfe goma a katin gayyata, Taofeek ya riga mai shara zuwa. Alhaja ta sha leshi ruwan zuma da ɗaurin kai mai tsayi, aka zaunar da ita a layin gaba tsakanin ƙawayenta, irin masu 'ya'ya a kwastan. Mai zauren ya ja Akeem gefe ya tuna masa cewa da la'asar za su fita, don akwai masu kamun amarya da suka kama wurin.

Aka zauna jiran babban baƙo, wani attajiri mai harkar motoci da kowa yake kira Alhaji Goni. Ba a buɗe taro babu shi, don haka aka yi ta fifita da katin gayyata har aka tashi sallar azahar aka dawo. Sai ga shi da jama'arsa, aka miƙe, aka sake jera kujeru. Akeem ya karɓi lasifika ya fara kiran manya ɗaya bayan ɗaya zuwa babban teburi, kowa da laƙabinsa da na ubansa, wanda aka manta ya turo a tuna da shi. Uban taro ya yi jawabi. Uwar taro ta yi. Shugaban ƙungiya ya karanto tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta, tsohon shugaba ya tashi ya gyara masa wasu wurare. Kowa ya fara da cewa ba zai tsawaita ba, kuma kowa ya sake gaida duk waɗanda na gabansa ya gaisar, da sunayensu. Taofeek yana zaune a ƙarshen teburi, sandar tana jingine a gwiwarsa, yana soke sakin layi ɗaya bayan ɗaya daga takardarsa da biro. Ya zubar da masu awon filaye. Ya zubar da allon duwatsu. Ya ce in dai an bar masa sanda da gado, ya isa.

Sai ƙamshin jalof ya shigo ta ƙofar baya. Matan kwamiti sun ga rana tana yi, suka fara rabon abinci a robobi ba su jira kowa ba. Layukan baya suka rikice, masu karɓa suna karɓa suna sulalewa. Malam Abdulmuminu, daga inda yake zaune, bai ko dubi Taofeek ba, kuma wannan ya fi a ce ya dube shi zafi.

Alhaji Goni ya yi nasa jawabin, mai tsawo, a kan muhimmancin ilimi. Da ya gama Akeem ya karɓa da ƙarfi. "Jama'a, yanzu ga wanda muke jira! Yayana, Dakta Taofeek, masanin lambobin Rumawa na duk Arewa!"

Lambobin Rumawa. Taofeek ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, amma ya miƙe, ya ɗauki sandar a naɗe, ya isa gaban lasifika. Ya yi sallama, ya gaida manya a dunƙule. Ya kai hannu zai warware jaridar ke nan, Alhaji Goni ya ɗaga yatsa.

"Dakta, gafarta, kafin ka fara. Allah ne ya kawo ka." Ya kwance wani agogo mai ruwan zinare daga hannunsa. "Na sayo wannan a Dubai. Wani abokina ya ce jabu ne, wai wurin ƙarfe huɗu an ja sanda huɗu a jere, alhali a makaranta an koya mana sanda ɗaya ce da V. Abin ya tsaya mini a rai. Duba mana, an cuce ni ne?"

Zauren ya yi tsit, irin shirun da bai samu ba tun safe. Har masu cin shinkafa suka dakata. Aka miƙo agogon hannu da hannu har ya iso ga Taofeek. Ya dube shi. Ya so ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ya so ya ce a bari sai bayan lacca, amma ba a ce wa babban baƙo ya jira.

"Alhaji, ingancin agogo ban san shi ba," ya ce. "Amma wannan rubutu ba kuskure ba ne. Rumawan kansu sun sha rubuta huɗu da sanda huɗu, kuma masu ƙera agogo sun daɗe suna bin haka."

"Wato ba jabu ba ne!"

"Ban ce..."

Tafi ya cinye sauran. Alhaji Goni ya miƙe ya rungume shi, ya ɗaga hannunsa sama kamar ɗan dambe ya yi kisa. Akeem yana ihu a lasifika, "Kun gani? Kun ga amfanin karatu?" Mutum uku suka taso suna kwance nasu agogunan. Ana cikin haka ladanin masallacin layin ya kira la'asar, mai zaure ya kashe janareto, 'yan kamu suka fara shigo da kujerun amarya da furannin roba. Aka yi addu'ar rufewa a tsaye, babu lasifika. Jaridar ko warwarewa bai yi ba.

Ya fito waje. Haushin Akeem yake ji, da na Alhaji Goni, da na masu jalof, amma ya fi jin haushin kansa, don an gaya masa. Malam Abdulmuminu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri, Dakta," ya wuce alwala.

Ya tarar da Alhaja a bakin ƙofa, ƙawayenta sun kewaye ta. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba. Tana magana tana nuna shi da hannu biyu.

"Kun gani da idonku. Kallo ɗaya ya yi masa! Mutum kamar Alhaji Goni, da kuɗinsa da komai, sai da ya zo wurin ɗana." Ta kamo hannun rigarsa. "Taofeek, ashe abin da kake yi ke nan? Shekara da shekaru ina tambayarka, kana ta kai ni Rum kana dawo da ni. Da ka ce mini agogon manya kake dubawa, ai da tuni na gane."

Ya buɗe baki. Maganar tana nan a shirye, da Hausa mai kyau, Fareedah ta tace ta tsaf. Ga sandar a hannunsa, ga Alhaja, ga ma 'yan sauraro. Sai ya ga yadda uwar ɗan kwastan take kallon mahaifiyarsa, ya ga Alhaja ta gyara ɗaurin kanta ta ƙara miƙewa a kan gwiwar da ke mata ciwo. Yau ta samu abin da za ta faɗa, kuma in ya gyara mata a gabansu, karɓe shi zai yi.

"Haka ne, Mama," ya ce.

Tun daga ranar ake sallama a ƙofar nan mai koren fenti da agogo a hannu. Yana gaya musu gaskiya, cewa bai san komai a kai ba, su kuma suna cewa tawali'u ne irin na masu ilimi. Har yanzu yana koyarwa a Kwaciri, har yanzu yana tura muƙaloli waje, takardar laccar kuma tana cikin aljihun kwat ɗin da bai taɓa sakawa ba.

Amma a yammacin ranar taron, da suka nufi titi neman adaidaita sahu, jaridar ta zame, kan sandar ya leƙo. Alhaja ta tsaya ta ƙura mata ido.

"Wannan ba sandar awona ba ce? Me ya kawo ta nan?"

Taofeek ya cire sauran jaridar, ya dubi zanen incin da hannunta ya kusa shafewa. Ya juya sandar, ya miƙa mata.

"Na ga gwiwarki ce, Mama. Na ce ko za ki dogara."

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. Ta karɓa, ta kafa ta a ƙasa, suka ci gaba da tafiya.